Murna da Fargaba Bayan Zaɓen 28 ga Maris



 

An nemi in yi jawabi a kan zaɓen shugaban ƙasa da aka yi ranar Asabar, 28 ga watan Maris na wannan shekara ta 2015, da kuma abin da ya kamata mu sa rai da shi daga gwamnatin da za a rantsar ranar Juma'a, 29 ga wannan wata na Mayu. Na amsa bisa sharaɗin a yi mini uzuri in faɗi abin da ke zuciyata gaba ɗayansa, mai daɗinsa da mai ɗacinsa, domin tun daga daren da aka bayyana sakamako har zuwa yau farin ciki da fargaba suna zaune tare a ƙirjina, babu wanda ya iya korar ɗan uwansa. Kuma na lura, daga hirar da nake yi da mutane a ƙofar masallaci da kasuwa da makaranta, cewa masu irin wannan hali suna da yawa, sai dai gudun kada a kira su maƙiya canji ya sa sun ja bakinsu sun yi shiru.

Bari in fara da farin cikin, domin shi ne ya fi cancantar a gabatar, kuma wanda ya raina shi bai san tarihin ƙasarsa ba. Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1960, da Turawa suka sauke tutarsu, ba a taɓa ganin gwamnatin tarayya mai ci ta faɗi zaɓe ta kuma yarda ta faɗi ba. Mulki ya sha canza hannu a Nijeriya, amma ko dai da bakin bindiga, kamar yadda aka yi sau biyu a 1966, aka sake a 1975 da 1983 da 1985 da 1993, ko ta hanyar mutuwar mai riƙe da shi, ko kuwa soja su ga dama su miƙa shi ga farar hula a lokacin da suka zaɓa, kamar a 1979 da 1999. Sau ɗaya da talakawa suka yi zaton maganarsu ta isa, ranar 12 ga Yuni, 1993, lokacin da mutanen Kano da kansu suka fifita Moshood Abiola a kan ɗansu Bashir Tofa, sai aka soke zaɓen kafin wata ya ƙare. Zaɓen 2007 kuwa, wanda ya ci shi, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah Ya jiƙansa, shi da bakinsa ya yarda a ranar rantsuwa cewa akwai aibi a cikinsa. A kan wannan tarihi ne mutanen da suka haura shekara hamsin a cikinmu suka girma, har yaƙini ya zauna a zukatansu cewa ƙuri'a ado ce kawai, wanda yake kan kujera shi ne zai sake hawa. To, ga shi da ranmu da lafiyarmu mun ga Janar Muhammadu Buhari, wanda ya nema a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba, ya sami ƙuri'a 15,424,921, Shugaba Goodluck Jonathan, mai soja da 'yan sanda da baitulmali a hannunsa, ya sami 12,853,162, jam'iyyar PDP da ta shekara 16 tana mulki ta sha kaye ba a harba ko harsashi ɗaya a fadar gwamnati ba.

Wanda ya tsaya a rumfar zaɓe ran nan ba zai manta da abin da idonsa ya gani ba. A unguwarmu mutane sun kafa layi tun bayan sallar Asuba, tun malaman zaɓe ba su iso da kaya ba. Aka shimfiɗa wa tsofaffi tabarma a gindin katanga, mata da goyo suka yi nasu layin, wanda ya fi na maza tsawo. Da na'urar tantancewa ta fara gardama, ta karanta kati ta ƙi karanta yatsa, sai ka ga dattijo wanda noma ko ƙira ta cinye masa zanen babban yatsa ya koma gefe ya wanke hannu da ruwan buta, ya goge a jikin riga, ya dawo ya sake ɗorawa, sau uku sau huɗu, ba ya fushi, ba ya kuma tafiya. Aka gama tantancewa bayan Azahar, aka shiga dangwalawa, rana ta faɗi, duhu ya shiga, babu wutar lantarki, samari suka kunna fitilun wayoyinsu suka kewaye teburin, wata yarinya 'yar hidimar ƙasa tana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna ƙidaya tare da ita da babbar murya, har aka rubuta adadi aka sa hannu, sa'an nan suka bi akwatin a ƙafa zuwa wurin tattara sakamako. Abin da aka daɗe ana faɗa, a kasa, a tsare, a raka, ran nan na ga an aikata shi. Kuma ku tuna cewa a wannan rana ɗin mutanen Borno da Yobe da Adamawa da aka raba da garuruwansu sun jefa tasu ƙuri'ar a sansanonin gudun hijira, a jihar Gombe kuwa 'yan bindiga sun kai hari wasu rumfuna sun kashe mutane, amma sauran ba su fasa fitowa ba.

Adalci ya wajabta a ambaci waɗanda Allah Ya gudanar da wannan alheri ta hannunsu, ko da ambaton wasunsu ba zai yi wa wasu daɗi ba. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Bayero a nan Kano, ya dage a kan katin zaɓe na dindindin da na'urar tantancewa a lokacin da manya da yawa suke neman a jingine su, ya jure ɗage zaɓen da aka yi daga 14 ga Fabrairu zuwa makonni shida gaba, kuma ranar Talata, 31 ga Maris, da tsohon minista Godsday Orubebe ya tashi a zauren tattara sakamako a Abuja yana ta da jijiyar wuya a gaban idon duniya, haƙurin da Jega ya yi da sanyin amsar da ya bayar sun kashe wutar da wataƙila da ta ci ƙasar. Kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, wanda Mai alfarma Sarkin Musulmi da Bishop Matthew Kukah suke ciki, ya sa 'yan takarar biyu sun sabunta alkawarin zaman lafiya ana saura kwana biyu zaɓe. Sa'an nan ga Shugaba Jonathan kansa, wanda a yammacin wannan Talata, tun ba a gama karanta sakamakon jihohi ba, ya ɗauki waya ya kira abokin takararsa ya taya shi murna. Na ji masu cewa ai ba shi da wata mafita ne. Ni ban yarda da wannan magana ba, domin mun ga Laurent Gbagbo a Kodebuwa ya faɗi zaɓe a 2010 ya ƙi sauka har mutane kimanin 3,000 suka hallaka, mun kuma ga abin da ya biyo bayan zaɓenmu na 2011, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya fiye da mutum 800 da aka kashe cikin kwana uku, Musulmi da Kirista, a Zonkwa da Kafanchan da Zariya da Bauchi da sauran wurare, har da yara 'yan hidimar ƙasa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kafin zaɓen bana tashoshin mota sun cika da masu gudu, Sabon Gari ya yi shiru, 'yan Arewa mazauna kudu sun yi ta dawowa gida a bayan tirela. Mutumin da ya hana wannan tsoro tabbata ya cancanci godiya, kuma ƙin faɗin haka butulci ne, duk kuwa da cewa a zamaninsa ne aka sace 'yan mata 276 a Chibok, aka yanka ɗalibai a Buni Yadi, aka tayar da bam a babban masallacin Juma'a na wannan birni ranar 28 ga Nuwamban bara, wanda raɗaɗinsa bai bar gidajenmu ba har yanzu.

To, daga ina fargabar take zuwa?

Farkonta daga taswirar sakamakon ne. A nan Kano Buhari ya sami 1,903,999, Jonathan 215,779. A jihar Ribas kuwa Jonathan ya sami 1,487,075, Buhari 69,238. Jihohin kudu maso gabas biyar da na kudu maso kudu shida duka sun bi Jonathan, haka ma Filato da Nasarawa da Taraba da Ekiti da Abuja. Ma'anar wannan ita ce, a daren da muke hawa babura muna ihu a titi, har wasu matasa suka rasa rayukansu a banza wajen ganganci da abin hawa, akwai miliyoyin 'yan ƙasa da suka kwana da baƙin ciki da tsoron abin da gobe za ta haifar musu, kamar dai yadda muka kwana a 2011. Idan kuma aka duba cewa cikin mutum miliyan 68 da 'yan kai da suka yi rajista ba su kai rabi ba waɗanda suka jefa ƙuri'a, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 170, sai a ga cewa shugaban da za a rantsar zai riƙi amanar jama'a da mafi yawansu ba su ɗora shi ba. Abin da ya bambanta bana da 2011 shi ne haɗuwar Arewa da ƙasar Yarabawa, ta hanyar narkewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA a 2013. Da ƙuri'ar Arewa kaɗai tana isa, da tuni ta isa a baya. Saboda haka duk ɗan Arewan da yake cewa mulki ya dawo gida, ina roƙonsa ya daina, domin maganar ba gaskiya ba ce ta fuskar lissafi, kuma guba ce ta fuskar zaman tare.

Daga nan sai Buhari da kansa. Ina cikin masu kyautata masa zato, kuma hujjata ita ce hujjar kowa: ya riƙe ma'aikatar man fetur, ya riƙe ƙasa baki ɗaya, ya riƙe asusun PTF, bai fito da dukiyar da irin waɗannan kujeru suka saba haifarwa ba, shi ya sa talakawa suka laƙaba masa Mai Gaskiya. Amma waɗanda suka yi wayo a tsakanin 31 ga Disamba, 1983, da 27 ga Agusta, 1985, suna tuna wasu abubuwa da matasan da suka fi kowa ihu a bana ba su gani ba. Suna tuna Doka ta 4, wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashinta. Suna tuna mutum uku da aka harbe a 1985 a kan laifin ƙwaya da dokar da aka yi bayan sun riga sun aikata laifin, abin da shari'ar Musulunci da ta Bature duka ba su yarda da shi ba. Suna tuna 'yan siyasar da aka tsare ba shari'a, mai laifi da marar laifi a ɗaki ɗaya. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa, waɗanda rufe iyaka ya haɗu musu da fari a 1984, har yau da sunansa suke kiran yunwar wannan shekara. A jawabin da ya yi a Landan cikin watan Fabrairu ya ɗauki alhakin abin da ya faru a zamaninsa, ya kuma ce ya rungumi dimokuraɗiyya, kuma tafiyar da ya yi kotu sau uku bayan faɗuwa zaɓe shaida ce mai ƙarfi a gare shi. Na karɓi wannan. Sai dai tsarkin hannu sifa ɗaya ce daga sifofin shugaba, malamanmu kuwa da suka yi rubutu a kan siyasar shari'a sun haɗa ta da wasu: sanin mutane, da yawan shawara, da saurin yanke hukunci a inda jinkiri yake cutarwa, da sauƙin isa gare shi ga wanda aka zalunta. Waɗannan ba mu jarraba shi a kansu ba a ƙarƙashin tsarin da majalisa za ta iya ce masa a'a, kotu ta iya warware abin da ya ƙulla.

Kuma ba shi kaɗai zai shiga fadar ba. Biyar daga cikin gwamnonin PDP ne suka sauya sheƙa a watan Nuwamba na 2013 suka ba sabuwar jam'iyyar ƙarfin da ta yi nasara da shi, tun daga ranar da aka faɗi sakamako kuwa ayarin masu ajiye lemar PDP su ɗauki tsintsiyar sabuwar jam'iyyar bai yanke ba. Ban ce duk wanda ya sauya sheƙa mutumin banza ne ba, amma mutumin da ya shekara 16 yana cin moriyar wani tsari, da wuya dare ɗaya ya mayar da shi mai rushe shi. A jihohi da yawa an zaɓi gwamna da sanata da ɗan majalisa ba don an san halinsu ba, sai don an ce a yi sak, hotonsu yana manne da na Janar a jikin fasta. Da yawa daga cikinsu guguwa ce ta kwaso su, kuma su ne za su riƙe kuɗin makarantar firamare da asibitin ƙauye da takin zamani, abubuwan da suka fi kusa da rayuwar talaka fiye da duk abin da ake yi a Abuja.

Ga kuma baitulmalin da za su tarar. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa fiye da dala 110 a tsakiyar bara ta faɗo ƙasa da dala 50 a watan Janairu, alhali kuwa mai shi ne kusan duk abin da muke sayar wa duniya. An karya darajar naira sau biyu cikin wata uku, daga 155 a kan dala zuwa kusan 200. Jihohi da dama sun kasa biyan albashi, yau ɗin nan kuma da nake magana wasunku a layin gidan mai suka bar motocinsu suka zo. A kan wannan rami ne aka yi alkawarin ayyuka miliyan uku a kowace shekara, da naira 5,000 duk wata ga matalauta, da ciyar da 'yan firamare, ga masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da ake jiran a tayar, ga yara fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu namu.

Amma duk waɗannan ba su kai abu ɗaya tayar mini da hankali ba, shi ne irin son da muke yi wa wannan bawan Allah. Na ji mai faci yana cewa daga ranar rantsuwa shinkafa za ta sauko, na ji mai shayi yana cewa dala za ta dawo daidai da naira, mun kuma ga matashin da ya tako a ƙafa daga Legas har Abuja don murna, wasu suka bi sahunsa daga garuruwa dabam-dabam. Wannan ƙauna ce ta gaskiya, ta mutanen da aka daɗe ana yaudara har suka ga mutum ɗaya da suke jin ba zai sace musu ba, kuma ba ni da bakin zargin mai ita. Illarta ita ce, tana ɗora wa mutum ɗaya mai shekara 72 nauyin da ba ya ɗaukuwa ga ɗan Adam, sa'an nan tana rufe bakin masoyi daga faɗin gaskiya. Yau a Kano idan mutum ya ce yana da tambaya a kan Baba, kafin ya rufe baki an ce an saye shi. Idan muka ɗore a haka, abu biyu ne ɗaya zai faru: ko dai mu yi ta kawo uzuri a kan kowane kuskure har ɓarna ta yi nisa, ko kuwa ranar da haƙuri ya ƙare son ya juye ya zama ƙiyayya da yanke ƙauna daga zaɓen kansa, wanda shi ne hasara mafi girma.

Ba yau aka fara ba, kuma ibrar tana kusa da mu. A Jamhuriyar Nijar, bayan taron ƙasa na 1991, jam'iyyun hamayya sun haɗa ƙawance da sunan canji, CDS-Rahama da PNDS-Tarayya da ANDP-Zaman Lahiya da wasunsu, suka kayar da Tandja Mamadou na jam'iyyar da ta gaji mulkin soja, Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram, ya zama shugaba a zaɓen watan Maris na 1993. Murnar da aka yi a ƙasar Hausa ta can ba ta gaza tamu ba. Amma abin da ya haɗa su ƙin abokin hamayya ne, ba su zauna sun daidaita a kan yadda za su yi mulki ba. Aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, albashi ya maƙale, yajin aiki ya yawaita, Firayim Minista Mahamadou Issoufou ya ajiye aiki a watan Satumba na wannan shekara, ƙawancen ya watse, shugaba da sabon firayim minista Hama Amadou suka shiga takun saƙa, ranar 27 ga Janairu, 1996, Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su duka. Shekara uku ba ta cika ba. A gidanmu ma, waɗanda suka ga 1979 sun san yadda PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, aka soke haraji da jangali, talaka ya ɗaga kai, sa'an nan jam'iyyar ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, aka tsige Balarabe Musa a 1981.

Akwai misalin da ya fi waɗannan nauyi a wurina, kuma ina ambatonsa da ladabi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu kuma wazirinsa, wanda ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, tun ba a ci Alƙalawa ba ya duba ya ga cewa da yawa daga cikin waɗanda suka fito don gyara sun fara karkata ga neman mulki da dukiya da muƙami, abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, kamar yadda ya ba da labari da kansa a Tazyinul Waraƙati. A nan Kano aka tare shi aka roƙe shi ya zauna ya koyar, ya zauna ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta Liya'ul Hukkami a kan hukunce-hukuncen mulki da haƙƙin talakawa a kan shugabanni, daga baya ya koma. Ban kawo wannan don in daidaita jihadin Shehu da zaɓen jam'iyyu ba, Allah Ya kiyaye, tsakaninsu akwai nisa mai yawa. Na kawo shi ne don a ga cewa idan jama'ar da Shehu Usmanu yake raye a cikinta ba ta tsira daga masu shiga gyara don cin moriya ba, to babu wata tafiya da za ta tsira. Kuma wanda ya fara faɗin haka a fili shi ne mafi kusanci da jagoran, mafi ƙaunarsa, ba a kuma ce masa maƙiyi ba. Nasiha ga shugabanni tana cikin addini, kuma ta fi wajaba a kan wanda ya yi mubaya'a.

Saboda haka ni a ganina abin da muka samu ranar 28 ga Maris ya fi Buhari girma, kuma zai wanzu bayansa idan muka kiyaye shi. Mun sami yaƙinin cewa talaka yana iya sauke mai mulki da yatsansa. Wannan yaƙini shi ne zai sa duk wanda ya hau kujera daga yau ya riƙa waiwaye, amma da sharaɗin ya san cewa abin da aka yi wa Jonathan ana iya yi masa, ko daga wace jiha ya fito, ko wace alƙibla yake kallo. Idan ya tabbata cewa mu nasa ne ko ya yi daidai ko ya yi kuskure, to mun mayar da makamin kube tun ba mu gama amfana da shi ba. Hakan ya ƙara zama dole idan aka duba cewa bayan zaɓen gwamnoni na 11 ga Afrilu, jihohin Arewa 19 duka suna hannun jam'iyya ɗaya in ban da Gombe da Taraba, sai Kogi da ba a yi zaɓen gwamna a cikinta ba, ga kuma rinjaye a majalisun tarayya biyu. Inda hamayya ta yi rauni haka, aikinta yana komawa kan malamai da 'yan jarida da ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai, da gidajen rediyon da suka yi shekaru suna ba talaka dama ya faɗi kokensa. Ina roƙon waɗannan gidaje kada su sassauta don nasu ya hau.

Ba ina kira a yi gaggawar yanke hukunci ba. Wanda ya gaji rami irin wannan yana da haƙƙin a ba shi lokaci, a kuma yi masa addu'a a bayan kowace salla, ni ma ina yi. Amma lokaci yana da ma'auni, ma'aunin kuwa Buhari da jam'iyyarsa ne suka ba mu shi da bakinsu: tsaro, da yaƙi da cin hanci, da aikin yi. A kan tsaro, sojojinmu tare da na Chadi da Nijar da Kamaru sun ƙwato garuruwa da yawa cikin makonnin da aka ɗage zaɓe, har Gwoza ana gobe zaɓe. Abin tambaya shi ne ko mutanen Bama da Baga da Damasak za su koma gonakinsu su kwana da ido biyu rufe, ko kuma iyayen Chibok za su ga 'ya'yansu. A kan cin hanci, za mu gane gaskiyar yaƙin ne ranar da ya taɓa ɗan jam'iyya mai mulki, a gaban alƙali, bisa doka. A kan naɗe-naɗe kuwa, mu duba ko mutumin Inugu da na Fatakwal, waɗanda ba su zaɓe shi ba, za su ga kansu a cikin gwamnatin, domin rantsuwar da zai yi ba ta ware su ba.

'Yan uwana, musamman matasa da kuka tsaya a rana kuka raka akwati cikin dare, ina roƙonku abu kaɗan. Ku nemi takardar manufofin jam'iyyar da kuka zaɓa, ku rubuta alkawuran da gwamnanku da ɗan majalisarku suka yi a unguwarku, ku ajiye inda ba za su ɓata ba. Ku san sunan wakilinku da ƙofar ofishinsa, ku riƙa zuwa a ƙungiyance da maganar makaranta da asibiti da ruwan sha, ku bar zuwa ɗaya-ɗaya neman na cefane. Wanda ya soki gwamnati a gabanku ku saurari hujjarsa kafin ku tambayi wanda ya aiko shi, maƙwabcinku da ya zaɓi lema kuma ku je ku gaishe shi. Katin nan na dindindin ku adana shi da kyau, kada ku sayar, kada ku ba wani ajiya, domin a 2019 za a sake kafa rumfa a inda aka kafa ta bana.

Allah Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya haɗa su da mashawarta na gari, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa.